'Yan Mishan Sun Bar Asibiti, Mu Me Muka Bari?



Ya 'yan uwana Hausawa mazauna ƙasar Bade da ƙasar Mangawa, da ma na sauran zangunan da neman abinci ya kai mu, maganar da na zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce, kuma na san akwai waɗanda tun kafin su kai tsakiyarta za su yanke mini hukunci. To, ba komai. Roƙona kawai shi ne a daure a karanta har ƙarshe, in ya so sai a zage ni da hujja.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, tun daga Hausari a Nguru har Zango da unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa. Duk sa'ad da aka ce ga wasu masu aikin agaji na coci sun kawo taimako unguwar talakawa, ko magani ne, ko gidan sauro, ko bokiti da sabulu, sai ka ga wani ya gyara zama ya ce, "Ai ba don Allah suke yi ba, imaninmu suke so su saya." Sai kowa ya gyaɗa kai, a ce wallahi haka ne, a ci gaba da kurɓar shayi. Shi ke nan an rufe babi. Ba a samun wanda zai ce, to mu da muke yi don Allah, ina namu aikin yake?

Na ji wannan magana da kunnena lokacin ambaliyar 2022, sa'ad da ruwa ya ci unguwanni a Gashuwa mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Wasu matasa suka zo da mota cike da kaya. Ba Turawa ba ne, don tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke ba kasafai Bature ke taka ƙasar Yobe ba. 'Yan Najeriya ne, suna jin Hausa kamar jakin Kano, sai dai an ce kuɗin kayan a majami'un ƙasashen waje aka tara shi. Wani dattijo da nake ganin girmansa, mai shaguna da motocin haya, ya ce kada kowa ya karɓa. Na ce masa, "Allah Ya ƙara maka lafiya Baba, in ba su karɓa ba, a ina za su samu?" Sai ya ce Allah na nan. Lallai Allah na nan, amma shi Baban a ranar ko tabarma ɗaya bai aika makarantar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ban san inda zargin ya samo asali ba. Na sani sarai, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan, gwajin da ya shafi yara wajen 200, goma sha ɗaya suka mutu, aka kwashe shekaru ana shari'a. Wannan kamfani ne ba coci ba, amma talaka ba ya tsayawa rarrabe Bature mai allura da Bature mai Linjila, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya jawo ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Su ma 'yan cocin ba mala'iku ba ne. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an kama wasu Amurkawa goma 'yan wata coci suna ƙoƙarin fita da yara 33 daga ƙasar ba da takardu ba, aka kuma gano da yawan yaran iyayensu na raye. Ga kuma masu zuwa na mako biyu, su shafa wa aji ɗaya fenti, su ɗauki hoto da yara masu majina, su koma gida su ce sun je Afirka, alhali kuɗin jirginsu kaɗai ya isa a biya mai fenti na gari ya gyara makarantar baki ɗaya. Waɗannan ba su nake karewa ba.

Kuma na'am, suna son mutane su bi addininsu. Ba su taɓa ɓoyewa ba, a rubuce yake a takardunsu. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato suka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da sansanonin kutare, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, kuma cikin waɗanda suka yi jinya a wuraren an samu waɗanda suka fito suna Kirista, musamman yara. Wannan tarihi ne, ba mai musunsa. Amma me ya sa sarakuna Musulmi, jikokin masu jihadi, suka miƙa? A ce ba mu da likitoci a lokacin, gaskiya ne. To wanke gyambo fa, shi ma sai da digiri? Abin da al'ummarmu ta tanadar wa kuturu shi ne ƙoƙon bara da tarin karin magana da ake yi masa ba'a da su. Wani ya taso daga Kanada ya durƙusa ya wanke masa ƙafa ya naɗe da bandeji, sannan mu zo muna mamakin yadda aka yi zuciyarsa ta karkata.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wannan abu da muke kira makirci yana cikin littattafanmu. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya san kashi takwas na waɗanda ake ba zakka da aka lissafa a Suratut Tauba, kuma ɗaya daga ciki shi ne mutanen da ake lallashin zukatansu. Wato addininmu ma ya san kyautatawa tana jan zuciya, har ya ware mata kaso a dukiyar masu hali. Su sun ɗauki wannan hikima sun mai da ita asibiti da makaranta da rijiya. Mu mun bar ta a allo.

Bari in ɗan koma baya. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasashenmu. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu, wato sa'o'ina ne. A 1894 cuta ta kashe biyu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa, ya sake kwantawa ciwo, bai haƙura ba. Daga wannan taurin kai SIM ta fito, daga SIM kuma cocin ECWA ta fito a 1954. Asibitin ido da suka buɗe a Kano a 1943 yau ya haura shekara 80 yana aiki, kuma in ka zaga Nguru da Gashuwa ba za ka rasa tsohon da aka cire wa yanar ido a can ba, ya je yana lalube ya dawo yana karanta Alƙur'aninsa da idonsa, da carbinsa a hannu kamar yadda ya tafi. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950 yake, har mutanenmu na wannan ɓangaren iyaka suna tsallakawa su je. Dubban ɗaruruwan Musulmi sun kwanta a gadajen waɗannan asibitoci sun tashi da Musuluncinsu. In da imani da ƙwayar magani ake sayensa, ai da tuni Kano ta zama Rum.

Ba a ƙasarmu kaɗai suke wannan ba, kuma ba a ƙauye kaɗai ba. A birnin Faris a 1833, wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Frederic Ozanam da abokansa suna muhawara da masu sukar addini, sai aka yi musu gori, aka ce sun cika baki da abin da cocinsu ta yi a da, to a yanzu me suke yi wa talakawan birnin? Ba su ce an zage su ba, ba su ce makirci ba ne. Suka tashi suka fara shiga lunguna suna kai itacen jin ɗumi da burodi gidajen matalauta. Ƙungiyar da suka kafa, ta Saint Vincent de Paul, yau tana ƙasashe sama da 150, har da Najeriya. A Alƙahira kuma, wata 'yar ɗariƙar Katolika haifaffiyar Beljiyam da ake kira Sista Emmanuelle, bayan ta gama aikin koyarwa tana da shekara sittin da 'yan kai, a 1971 ta kwashe kayanta ta tare a unguwar masu kwasar shara, inda ko 'yan garin ba sa son bi saboda ɗoyi. Ta zauna a cikinsu sama da shekara 20, aka gina makarantu da ɗakunan shan magani. Ba garinsu ba ne, ba danginta ba ne, ba ta kuma da shago a can.

Wannan batu na "ba garinsu ba ne" shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu nan baƙi ne, ko a ce jikokin baƙi. Layin dogo ya iso Nguru a 1930, kakanninmu suka biyo shi daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, saboda gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu. Nawa kakan da fatauci ya zo, mahaifina ya gaji sana'ar banda, ni kuma na tashi ina bin sa Dagona da ƙauyukan bakin ruwa muna sayen kifi wajen masunta muna ɗurawa a kwali zuwa Kudu. Duk abin da na ci, duk rigar da na sa, har kuɗin jarrabawata ta gama sakandare, daga ruwan Badawa ya fito. Mun samu kasuwa, mun samu filaye, mun yi aure a cikinsu. Kai, har harshenmu ya mamaye gari, ta kai yau za ka ga yaro Babade a Gashuwa wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen kakarsa. Ba a taɓa yi wa baƙo karamcin da ya wuce wannan ba.

To amma je ka wajen wani babban ɗan kasuwarmu da maganar a haɗa kuɗi a gyara ɗakin haihuwa na unguwa, ko a tona rijiyar burtsatse a Katuzu, ka ji abin da zai ce. "Ai nan ba garinmu ba ne, yaro. Aikin gwamnatinsu ne." Ribar shekara kuwa sai a aika gida, a gina katafaren gida a Kano wanda ba mai kwana a ciki sai maigadi da ƙadangaru. Mutumin da aka haifa a nan, ubansa a nan aka binne shi, shi ma in ta Allah ta kasance a nan za a sallace shi, amma wai har yanzu yana zaman wucin gadi.

A Dagona akwai tafkin da tsuntsaye ke sauka, wanda saboda shi mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filif, ya zo har ƙauyen a 1989. Duk lokacin sanyi tsuntsaye kan taso daga Turai su keto hamada su sauka a fadamun nan, su ci su yi ƙiba, zafi na gabatowa su tashi su koma. Muna yara mukan yi dariyar Turawan da ke zuwa da madubin hangen nesa wai ƙirga tsuntsu. Yanzu da na girma na lura mu ne tsuntsayen. 'Yan ci-rani ne mu da muka shekara casa'in da wani abu ba mu kwance kaya ba. Gara ma tsuntsun, shi ba ya cewa wanda ya zo gyara tafkin munafuki ne.

Na san abin da za a ce: ai su ma 'yan ƙasa ba su ɗauke mu nasu ba, in ka je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma sai a tambaye ka garin kakanka. Na san zafin wannan tambaya, an yi mini ita. 'Yan uwanmu na Sabo a Ibadan da Agege a Ikko sun fi mu saninta, waɗanda rikicin kasuwar Shasha na 2021 ya rutsa da su kuwa ba sai an gaya musu ba. Amma wannan hujja a kanmu take, ba a gare mu ba. Baƙon da bai dasa komai a gari ba sai rumfar kasuwa, ranar da hankula suka tashi da me za a tuna shi? Da tsadar kayansa?

Yanzu ga abin da ke cin mutanenmu. Duk wanda ke zaune a ƙasar Bade ya san ciwon ƙoda. Ba labarin jarida ba ne a wajenmu, da wuya ka samu layin da bai yi zaman makoki saboda shi ba, kuma ba tsofaffi kaɗai yake ɗauka ba, har majiya ƙarfi masu noma da su. Masana daga jami'o'i sun zo sun ɗebi jini da fitsari da ruwan sha suna bincike. A gari kuwa wasu na zargin ruwa, wasu magungunan kashe ciwo da ake sha barkatai, wasu maganin feshi na gona, wasu kuma fiya-fiyar da marasa tsoron Allah cikin 'yan kasuwa ke yayyafa wa banda da wake don kada ƙwari su ci. Wannan na ƙarshe, ko shi ne sanadi ko ba shi ba ne, guba ce ake ba mutane su ci, kuma a cikin sana'armu ake yi, kowa ya san masu yi, ƙungiya kuma ta yi gum.

Wanda ƙodarsa ta gaza, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, har iyakar rayuwarsa in ba dashe aka yi masa ba. Ko a inda gwamnati ta ɗauke kuɗin wankin, akwai kuɗin mota zuwa Nguru ko Damaturu ko Kano, akwai ledar jini, akwai allurai, akwai abincin mai jinya da wurin kwanansa. Na ga gidan da aka sayar da gona, aka sayar da shanun huɗa, aka sayar da keken ɗinkin matar gida, daga ƙarshe aka dawo da mutum a kwance a bayan a-kori-kura. Mai jinya kuwa, sau da yawa mace ce, tana kwana a barandar asibiti a garin da ba ta san kowa ba.

Ina tambaya, a duk faɗin Nguru da Gashuwa, da dillalan shanu da masu ƙaro da masu banda da masu hatsi da masu gidajen mai, an rasa mutum ashirin da za su ɗauki nauyin mota ɗaya da direba ɗaya, wadda aikinta kawai kai masu wankin ƙoda da dawo da su? An rasa wanda zai ba da gida ɗaya kusa da asibiti ya zama hubusi, masu jinya su riƙa sauka? Amma bari gobe a ji wata coci a Jamus ta aiko da motar, ka ga yadda saƙonnin murya za su cika WhatsApp, ana cewa a yi hattara.

Ba kuɗi suka fi mu ba, wannan ma a daina faɗa. Tsari suka fi mu. Na yi makaranta da yaran Sabon Gari, na ga yadda abin yake. Kowace Lahadi ana baiko, a ƙirga a gaban shaidu, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Zumuntar Mata suna da ranar zaga marasa lafiya, suna da ma'aji, suna da sakatariya. Wanda zai tafi aikin mishan wata ƙasa sai ya bi majami'u ɗaya bayan ɗaya yana neman waɗanda za su yi alkawarin ba da wani abu duk wata, tsohuwa ta ce ga nata kaɗan, ma'aikaci ya ce ga nasa, shi kuma wajibi ne ya riƙa aiko musu da rahoton abin da ya yi da kuɗin. In ya isa, sai ya fara zama ya koyi harshen mutanen. In ya tsufa ko ya mutu, akwai wanda zai gaje shi, don aikin ba nasa ba ne, na ƙungiya ne. Shi ya sa asibitin 1943 bai bi wanda ya kafa shi kabari ba.

Mu fa? Muna da abin da ya fi baiko ƙarfi, don namu farilla ne. Ɗaya cikin arba'in na dukiyar kasuwanci in ta kai nisabi ta shekara. Ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa. Maraƙi a shanu talatin, akuya ko tunkiya a arba'in. Mai karatu, ka tsaya a kasuwar dabbobi ta Nguru rana ɗaya, ka dubi tirelolin da ke lodi, ka dubi buhunan shinkafar da ke fitowa daga fadama, ka yi lissafi da kanka. Muna kuma da waƙafi, tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina. To ina abin yake tafiya? Alhaji zai jira azumi, ya canzo sababbin takardun kuɗi, a tara mata da almajirai a ƙofar gida cikin rana, yaransa na dukan mutane da bulala suna ɗaukar bidiyo. Kowa ya samu abin da ba zai kai shi Sallah ba. Baɗi a sake. In Alhaji ya rasu, magada su raba shaguna, alherin ya bi shi.

Irin wannan rabo har kisa yake yi. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata sun mutu a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi. Kuma don kada a ce na yi son kai, a Disambar wannan shekarar mutum goma sun mutu a irin wannan turmutsutsu a harabar wata cocin Katolika a Maitama ta Abuja. Duk wanda ya tara mayunwata a ƙofa ɗaya, ko liman ne ko fada, abin da zai biyo baya ke nan. Bambancin shi ne su rabon ƙofa ɗan ƙaramin reshe ne na aikinsu, mu kuwa shi ne aikin gaba ɗaya, sai kuma ginin masallaci. Masallaci kam ba a bar mu a baya ba. Layi ɗaya sai ka ƙirga uku, wannan na 'yan Izala, wancan na 'yan ɗariƙa, na ukun kuma na wanda ya yi fushi da limamin na farko. Kowanne da lasifika huɗu, amma ba ko ɗaya da ke da akwatin magani.

Ba wai Musulmi ba su iya ba ne. Abdul Sattar Edhi baƙo ne a Karachi, daga Indiya iyayensa suka yi hijira da shi a 1947, da talla ya fara kamar kowane ɗan kasuwa. A 1951 ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin ba da magani, kafin rasuwarsa a 2016 motocinsa na ɗaukar marasa lafiya sun game Pakistan, ba a tambayar addinin wanda za a ɗauka. A nan kusa, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri a 2007, yana karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya gina sashen wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Muna da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu, samari masu ƙwazo da ke tsayuwa a rana ba ko sisi, sai dai mun mai da su masu gyara sahu a Idi da tsare motocin manya a wajen wa'azi. Muna da aikin gayya tun kaka da kakanni. Har gobe masunta da manoma kan shiga ruwa da lauje su sare kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa, alhali mu da muke cin ribar kifin ko goro ba ma aika musu. Abin takaici, kalmar sa-kai ma a bakinmu yanzu in an faɗe ta, mai bindiga ake tunawa.

Sannan ina jan kunnen masu saurin cewa 'yan leƙen asiri ne, ko masu lalata mana 'ya'ya ne. Wannan magana tana da nauyin jini. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a Kano. A 2018 an kashe Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ma'aikatan lafiya da aka sace a Rann suna aiki da ƙungiyar Red Cross, kuma dukkansu Musulmi ne, 'ya'yanmu ne. Wanda ya ja kunamar bindiga ba shi ya ƙirƙiro zargin ba, a majalisa ya tsince shi. In kuma ana maganar tilasta wa mutum barin addininsa ne, to mu mutanen Yobe ya kamata mu sassauta murya, don a Dapchi, nan kan hanyarmu ta zuwa Damaturu, aka sace 'yan mata sama da ɗari a Fabrairun 2018, da aka dawo da sauran aka riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin nata. Ba da sabulu da gidan sauro aka nemi sauya ta ba.

Wanda ke tsoron kada a saye imanin talaka, hanya a buɗe take, ya riga su isa. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya, kuma na'urar awon jini kuɗinta bai kai na ragon layya ba. Muna da yaran da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suna zaune ba aiki. A ba su inuwa ɗaya da tebur ɗaya a kasuwa ranar da take ci, duk wanda jininsa ya hau a rubuta masa takarda zuwa asibiti tun ƙafarsa ba ta kumbura ba. A buɗe littafi na samarin da suka yarda su ba da jini, da rukunin jinin kowa da unguwarsa. A yi wa abin rajista da amintattu, a sa Babade da Bamange da Bafulatani a ciki, har da mutumin Sabon Gari in ya yarda, tunda ciwon ba ya tambayar takardar ƙaramar hukuma.

Kuɗin kuwa ba sai an je Saudiyya ko Kuwaiti roƙo ba. Kowane kwalin banda da ya hau mota a nan akwai kuɗin ƙungiya da ake karɓa a kansa, haka kowace saniya, haka kowane buhu. Tun ina ƙarami nake ganin ana yankar wannan rasit, ban taɓa jin ranar da aka tara 'yan ƙungiya aka karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Na riga na nemi izinin Baba, ya ce ba ruwansa amma ba zai hana ni ba. A zama na gaba zan tashi, in gaida iyayena shugabanni da ladabi, in roƙi a fito da littafin bara a karanta, sannan in kawo shawarar a ware wani abu daga kuɗin kowane kwali don motar masu wankin ƙoda. Samarin da iyayensu ke harkar shanu da hatsi da ƙaro, ku ma kuna da ranar zamanku.